Tambaya da Amsa: In na ƙi sa hannu, me yarana za su ci?

TAMBAYA

Baba barka da aiki, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Dan Allah a sakaya sunana. Ni ma'aikaci ne a sashen albashi na wata ma'aikata, kuma mai bi ne, ina ma cikin mawaƙan cocinmu. Tunda aka kawo ni ofis ɗin nan na tarar akwai sunayen bogi a takardar albashi, wasu sun rasu wasu kuma babu su ma sam a duniya, duk ƙarshen wata oga zai turo fayil in sa hannu sai a miƙo min nawa kason a ambulan. Gaskiya Baba da kuɗin nan nake biyan haya da makarantar yara, dan tunda aka cire tallafin mai a 2023 albashina ko tsakiyar wata baya kaiwa. Yanzu abun ya dame ni, ran Lahadi in na tsaya gaba ina waƙa sai inji kamar kowa ni yake kallo, Jibin Ubangiji ma na daina ci. In na ƙi sa hannu ƙauye za su tura ni ko su ƙulla min sharri. In bar aikin ne ko yaya zanyi? Matata bata sani ba.

Wani ɗan'uwa daga jihar Kaduna

AMSA

Ɗana sannu, wannan kaya ne mai nauyi kake ɗauke dashi kai kaɗai. Rashin sukunin da kake ji ɗin nan ka gode wa Allah dashi, akwai waɗanda suka daɗe suna karɓar irin ambulan ɗin nan suna barci har da minshari.

Ban ce ka ajiye aiki ba. Ka buɗe Luka 3:12-14, masu karɓar haraji da sojoji sun zo wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambaya irin taka, bai kori ko ɗaya daga aikinsa ba, ce musu yayi kada su karɓi fiye da abinda aka ƙayyade, sojoji kuma su daina ƙwace su dogara da albashinsu. Daniyel ma ai babban ma'aikacin gwamnati ne a ƙasar da ba a san Allahnsa ba, abokan aikinsa suka bincike shi ciki da waje basu samu ko ƙwayar almundahana ba. Toh kujerarka ba ita ce matsala ba, biron dake hannunka ne. Ka zauna a wurin, amma hannunka ya daina hawa kan takardar ƙarya.

Kuma ba wai tsoron rana dubu ta ɓarawo nake baka ba, ƙila ma har ka yi ritaya ba wanda zai kama ka. Maganar ita ce wa kake bauta wa, shi Yesu da bakinsa ya faɗa a Matiyu 6:24 cewa ba a haɗa bautar Allah da ta dukiya.

Zan gaya maka abinda wasu masu wa'azi basa so su faɗa, ni bazan maka alkawarin cewa in ka ƙi sa hannu yau gobe za a ninka maka albashi ba. Ƙila su tura ka ƙauyen da kake tsoro, ƙila ƙarin girma ya wuce ka shekara da shekaru, ƙila ka cire yaran daga makarantar kuɗi ka kaisu ta gwamnati suna kuka kai ma zuciyarka na kuka. 'Yan'uwanmu na cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da Boko Haram suka kora daga hedikwatarsu a Kwarhi ta jihar Adamawa a Oktoban 2014, da dubban da suka bar gonaki da shanu a Borno da Adamawa, da yawa har yau basu maida abinda suka rasa ba, kuma ba rashin bangaskiya ne ya jawo musu ba. Shi yasa a Luka 14 Ubangiji yace wanda zai gina bene ya fara zama yayi lissafi tukuna. Kai ma ka zauna kayi lissafin, da takarda da biro, nawa ne haya, nawa ne abinci, me za a rage.

Amma ba kai kaɗai ba, da matarka. Daren yau ka gaya mata, bayan yara sun kwanta. Ita ce zata auna tsaba a tukunya in ambulan ya daina zuwa, bai kamata ta ga canji a gida ba tare da ta san dalili ba, kuma zaka sha mamakin ƙarfin da matan zumunta ke dashi in aka zo kan gaskiya.

Shi kuma oga ka same shi shi kaɗai cikin ladabi, banda wa'azi banda barazana, kace ranka ya daɗe ni dai lamirina bai bani in ci gaba da sa hannu ba, kuma kason nan a daina bani. Duk umarnin da aka baka bayan haka ka nemi a rubuce. Maganar kai ƙara hukumomin yaƙi da cin hanci, ICPC ko EFCC, tana nan, amma kada ka yi garaje, ka fara ganin lauya mai tsoron Allah.

Ku kuma dattawan ikilisiya, abin yana ci min rai, muna tafa wa mai kawo baiko mai kauri bamu taɓa tambayar ina ya samo ba, amma in ɗan'uwa ya rasa abinci saboda gaskiya sai muce Allah ya rufa asiri mu wuce. A Ayyukan Manzanni 4 ba haka masu bi na farko suka yi ba, babu mabukaci a cikinsu. In ɗan nan ya tsaya, hayarsa ta zama tamu duka.

Kuɗin da ka riga ka ci kuma, ka tuna Zakka mai karɓar haraji da ya yi alkawarin maida wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Ka zauna da fastonka da lauyan ku duba yadda za a maida shi ta hanyar da ta dace ko da kaɗan kaɗan ne, ka tuba ka koma teburin Ubangiji. In albashin watan nan ya fita ka sake rubuto min inji yadda kuka ƙare da ogan naka.