Ta ina ake fara ƙawata ƙaramin gida da leshi?

Tambaya: Ina yawan ganin hotunan ƙananan gidajen ƙauyukan Ingila da aka ƙawata da farin leshi, kuma ina sha'awar yi wa ɗan gidana irin wannan ado. Shin leshin da muke ɗinkawa zai yi, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Hajiya, ki fara da taga, domin a nan ne leshi yake da aikin yi a gidajen da kika gani. Yawancinsu bangonsu na da kauri, tagoginsu ƙanana ne, ga shi ƙasar ba ta da yawan rana, saboda haka ana buƙatar labulen da zai kare idon masu wucewa ba tare da ya hana haske shiga ba. A da, da hannu ake saƙa leshi, kamar na garin Honiton wanda aka ƙawata rigar auren Sarauniya Victoria da shi a 1840, kuma sai mai hali ke iya saye. Da aka ƙera injin saƙa labulen leshi a Nottingham a 1846, kuɗinsa ya sauko har talaka ya samu na ratayawa.

Leshin da muke yin anko da shi, irin wanda ake kawowa daga Lustenau ta ƙasar Ostiriya, yawancinsa aiki ne da aka yi a kan yadi, yana da nauyi, wani ma har da duwatsu, don haka zai duhunta ɗaki. Ki nemi mai shara-shara, fari ko ruwan madara, ragowar na ɗinki kuwa ki yi rigar filo da shi. Ni ba na son a shimfiɗa leshi a kan kowace kujera da kowane tebur, domin ƙaramin ɗaki nan da nan yake cushewa. Labule da ƙyalle guda a kan teburin katako sun wadatar.

Ki sani cewa da dare, idan aka kunna fitila, wanda ke waje yana hango na ciki, don haka ki haɗa da labule mai kauri wanda za a saki bayan magariba. A lokacin hunturu kuma ƙura na maƙalewa a ragarsa, sai ki riƙa wanke shi da hannu a ruwa mai ɗumi, kada ki sa bilic, kada ki murɗe shi, sannan ki mayar da shi tagar da sauran danshinsa, zai miƙe ba sai an yi guga ba.