Tambaya da Amsa: Me ya sa wufata take shiru a kan kiɗa, ta yi ruri a kan fim?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wata biyu ke nan da na sayi amfilifaya ta hannu tare da lasifikoki biyar da wufa ɗaya, wato akwatin da ke fitar da sauti mai kauri, na haɗa su a falona. Lasifikokin gaba biyu dogaye ne, sun kai mini ƙugu, shi ya sa da na shiga wurin saiti na zaɓa musu Large, ƙananan kuma na bar su a Small. Damuwata ita ce idan na kunna kiɗa ko labarai wufar ba ta ko motsi, da na ƙure maɓallinta kuwa, ina sa fim sai ta riƙa kaɗa tagogi har maganar 'yan wasa ta ɓace. Shin wufar ce ta lalace, ko saitin ne ban iya ba? Daga mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, domin wufar da take kaɗa tagogi lafiyarta ƙalau, matsalar duk tana cikin kalmar nan ta Large, wadda ta daɗe tana ruɗa masu irin wannan kaya. Kalmomin Large da Small ba girman akwatin lasifika suke nufi ba, umarni ne kake bai wa amfilifaya game da inda za ta kai sauti mai kauri. Idan ka ce mata Large, ka umarce ta ke nan ta miƙa wa lasifikar dukkan sauti, mai kauri da siriri, kada ta raba da kowa. Idan ka ce Small, za ta tsame mai kaurin ta tura wa wufa, ta bar wa lasifikar abin da take iya ɗauka cikin sauƙi.

Ga yadda abin ya same ka. Fim mai tsarin 5.1 yana da wata hanya ta musamman, ita ce ɗigo ɗayan nan da ke bayan biyar, wadda aka keɓe wa tsawa da fashewar abubuwa, kuma kai tsaye take zuwa wufa. Kiɗa da labarai galibi hanya biyu kawai suke da ita, hagu da dama, to tunda ka ce lasifikokin gaba su riƙe komai, babu abin da ya rage da za a aika wa wufar, dole ta yi shiru. Da ka ƙure maɓallinta don ta yi magana, sai fim ya zo ya tarar da ita a ƙure.

Shawarata ita ce ka mayar da lasifikokin biyar duka Small, har da dogayen, sannan ka saita kurosoba, wato mararrabar da sauti yake rabuwa gida biyu. Ana auna ta da Hz, adadin girgizar iska a cikin sakan ɗaya, kuma kunnen ɗan Adam yana ji ne daga kusan Hz 20 zuwa Hz 20,000. Ka fara da Hz 80, ma'aunin da kamfanin THX ya tsayar, saboda a ƙasa da haka kunne ba ya saurin gane inda sauti ya fito, sai ka ji kamar dogayen lasifikokinka ne suke fitar da kaurin alhali wufa ce a gefe. Akwai kuma riba ta biyu da na fi damuwa da ita: sauti mai kauri shi ya fi cin ƙarfin amfilifaya, wufa kuwa galibi da nata injin take zuwa, don haka idan ta karɓi wannan kayan, amfilifayar za ta rage zafi, muryoyi su fito tas. Wanda ya taɓa ɗora hannu a bayan amfilifaya a watan Afrilu a Kaduna ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ƙananan lasifikokin baya, idan ba su wuce tafin hannu ba, Hz 80 ya yi musu nauyi, ka ɗaga musu zuwa 100 ko 120. Ka duba takardarsu ka ga mafi ƙarancin Hz da aka ce suna kaiwa, ka sa mararrabar sama da shi da kamar 10, domin rabuwar a hankali take gangarowa, lasifikar za ta ci gaba da ɗan aiki a ƙasa da lambar da ka zaɓa. Wurin da aka rubuta LPF for LFE kuma ka bar shi a 120, can ne iyakar waccan hanya ta musamman. A bayan wufar akwai maɓallin kurosoba nata na kanta, ka murɗa shi har lamba mafi girma don kada a tace sautin sau biyu, maɓallin ƙarfi kuma ka dawo da shi wajen tsakiya.

Saura nisa da ƙarfi. Ka ɗauki tef ɗin awo ka auna daga kujerar da kake zama zuwa kowace lasifika, ka shigar da lambobin, saboda sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, amfilifaya kuma tana jinkirta na kusa ne don duka su iso kunnenka tare. Idan an haɗa maka da ɗan makirfon awo, ka bar na'urar ta yi aikin da kanta: a amfilifayar kamfanin Denon da Marantz sunan tsarin Audyssey, a Yamaha YPAO, a Pioneer MCACC. Ka ajiye makirfon daidai tsayin kunne, ka kashe fanka, ka kuma jira lokacin da akwai wuta, domin rurin janareto, naka ko na maƙwabta, yana ɓata awon. Bayan ta gama ka sake leƙawa, sau da yawa takan mayar da na gaba Large, sai ka dawo da su Small.

Tambaya: Malam, falonmu tayil ne, kuma duk yadda muka ƙara sauti maganar fim ba ta fita sosai, sai amsa-kuwwa. Ina mafita? Daga mai karatu a Barnawa.

Amsa: Hajiya, yawancin maganar fim daga lasifikar tsakiya take fitowa, don haka ki fara duba ta. Idan tana can cikin lungun kabad, a jawo ta zuwa bakin katakon, a ɗan ɗaga gabanta ta fuskanci kunnen mai zaune, sannan a ƙara mata desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 2 ko 3 ita kaɗai a wurin saiti. Amsa-kuwwar kuma aikin tayil ne da bangon siminti, waɗanda suke dawo da sauti maimakon su shanye shi. Ki shimfiɗa kafet mai kauri tsakanin talabijin da kujeru, ki saki labule masu nauyi a tagogi, sannan ki sake kunna fim ɗin da kika saba da shi ki saurari muryoyin.