Titin Abuja zuwa Kano: ina ribar manomi a ciki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin tumatir ne, kullum muna ji a rediyo wai idan aka gama titin Abuja, Kaduna, Zariya zuwa Kano arzikin Arewa zai bunƙasa, to ni dai har yau kwandunana tun kafin su kai bakin kwalta sun fara tsiyaya. Don Allah ina ribar talaka a ciki? Mai karatu daga Kura

AMSA: Wa'alaikumus salam. Riba kam akwai, kar ka ce babu. Titin nan kusan kilomita 375 ne, an ba Julius Berger kwangilarsa a ƙarshen 2017 aka ƙaddamar da aikin a 2018, ɓangaren Kaduna zuwa Zariya da yawancin Zariya zuwa Kano sun samu, na Abuja zuwa Kaduna ne ya yi ta jan ƙafa har gwamnati ta soke kwangilar a 2024 ta ba wani kamfanin. Tirelar da ta yi lodin hatsi a Dawanau ko tumatir a Kwanar Gafan in titi lafiya lau ne za ta rage kwana a hanya, ta rage shan mai da cin taya, kuma dama duk kuɗin nan a jikin kayanka dillali yake fanshewa ai.

Amma fa Malam babban titi ba ya shiga gona. Kai damuwarka tana 'yar hanyar burjin nan da damina ta zaizaye, rani ya zo ya tarar da ramukan suna nan, sai dai a ɗaura kwando biyu a bayan babur ana tafe ana jijjiga, na ƙasa duk ya zama miya. Wannan hanyar kuma ba ta gwamnatin tarayya ba ce, haƙƙin jiha ne da ƙaramar hukuma, kuma a ganina nan ne masu tsara manyan titunanmu suke barin giɓi, kowa na nasa lissafin daban. Ga kuma lodin wuce kima, a jibga wa mota siminti ba sikelin da zai auna ta, sabuwar kwalta ta fara lotsawa kafin a gama murna.

Shawarata, ku tashi a ƙungiyance ku tuntuɓi ɗan majalisar jiharku tun kafin a rufe kasafin kuɗi, sannan ku tambayi ofishin RAAMP, shirin hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafa wa, don Kano na cikin jihohinsa, ku ji ko hanyarku ta shiga jerin waɗanda za a yi.