Amsa: Baƙauye da mai taɓin hankali a finafinanmu

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yadda finafinanmu ke nuna baƙauye da mai taɓin hankali wasa ne kawai ko yana da illa. Wallahi yana da illa.

Masana halayyar ɗan Adam a cikin jama'a sun raba abin gida uku: kuɗin goro da ake yi wa wani rukuni a zuci, ƙyamar da ke biyo baya, sai wariya a aikace. Fim ya fi ƙarfi a na farko. Dubi baƙauyen fim: hula a karkace, haƙora jajir da goro, ya shigo birni yana tsoron firji. Yaro a ƙauyukan Ringim ya yi ta kallon wannan a gidan kallo, ranar da ya shiga Kano karatu sai ya riƙa ɓoye sunan garinsu. Wannan ya fi min ciwo, mutum ya yarda da abin da ake faɗa a kansa.

Na mai taɓin hankali ya fi muni. Kullum cikin tsumma yana jifa, ko a ce asiri aka yi masa. Da wuya ka ga wanda ya je asibitin Dawanau ko Kazaure, ya sha magani, ya koma gonarsa. Shi ya sa wasu ke ɓoye mara lafiya a ɗaki, kada a ƙi auren 'yarsu.

A 1954 Gordon Allport, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, ya bayyana cewa cuɗanya tsakanin rukunoni, in ana ganin juna daidai, tana rage ƙyama. Fim zai iya taimakawa nan, in ya nuna manomi mai hankali yana lissafin buhunan riɗinsa a kasuwar Maigatari.