Boilar intanet ta fi arha, amma wa zai ɗaura ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Manchesta da iyalina, gidan namu ne, ɗaki uku da banɗaki ɗaya. Boilarmu, wato na'urar gas da ke ɗumama gida da ruwa, ta mutu ana tsakiyar sanyi, ga jariri a gidan. Mai aikin da na kira ya ce fam 2,700, kaya da aiki. Na duba intanet na ga irinta sak a fam 1,150. Wani ɗan'uwa a masallacinmu mai aikin famfo ya ce in sayo zai ɗaura min, daga baya mu nemo mai rajista ya sa hannu. Sanyi ya ishe mu, aljihu kuma sai a hankali. In saya?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya raya jariri, ya kawo muku sauƙi.

Kafin a kashe ko sisi, ka tabbatar boilar mutuwa ta yi. In dare ya yi sanyi sosai, farin bututun roba da ke fitar da ruwan boila waje yakan daskare, ita kuma sai ta kulle kanta. Ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, ake zubawa a kan bututun a sake kunna ta. Na sha zuwa jana'izar boilar da ashe suma ta yi.

In kuwa ta mutu da gaske, babu dokar da ta hana ka saye a intanet. Sai dai abin da ke cikin kwalin nan boila ce tsirara. Bututun hayaƙi yawanci daban ake sayar da shi. Akwai matatar maganaɗisu mai kama tsatsa, da na'urar daidaita zafi, da wankin radiyetoci, da maganin hana tsatsa. Tsofaffin gidaje da yawa siririn bututun gas mai milimita 15 ne da su, sabuwar kombi kuma, wato boilar da ke ɗumama ruwa nan take ba tare da tanki ba, sau da yawa sai an ja mata mai 22. Ka haɗa wannan da ladan aiki, ka ga ratar da ka gani ta tsuke sosai. Girma ma ba da ido ake zaɓa ba. A kombi, buƙatar ruwan zafi ce ke nuna ko kilowat 24 ko 30 za a saka, kuma sai an auna ƙarfin ruwan da ke shigowa gidan. Manyan kamfanonin boila irin su Worcester Bosch da Vaillant sukan ba da garanti mafi tsawo ne in masu aikin da suka amince da su suka ɗaura. Sannan ranar da ta lalace, mai sayarwa zai ce laifin ɗauri ne, mai ɗauri ya ce laifin kaya ne, kai kana tsakiya da bargo. In mutum ɗaya ya kawo ya ɗaura, wuya ɗaya za ka riƙe.

Duk wannan lissafin kuɗi ne, kana iya yanke shi yadda ka ga dama. Abin da ya tayar min da hankali shi ne ƙarshen tambayarka.

"A ɗaura, a nemo mai sa hannu." Wallahi na gaji da jin wannan magana, kusan kullum sai wani ya kira ni da ita. Babu irin wannan tsari. Dokar gas ta 1998 ta ce mai yi wa mutane aikin gas dole ya kasance da rajista, rajistar kuma tun Afrilun 2009 tana hannun Gas Safe, wadda ta gaji CORGI. Mai rajista aikin da ya yi ne kawai yake kai rahotonsa cikin kwana 30, a aiko maka da takardar shaidar cika ƙa'idar gini, wadda lauya zai nema ranar da za ka sayar da gidan. Wanda ya karɓi 'yan kuɗi ya sa hannu a aikin da bai gani ana yi ba, shaidar zur ya yi, kuma mai sayar da sa hannunsa ba zai dawo ya amsa laifi ba.

Ɗan'uwan nan na masallaci ban ce mugu ba ne. Taimako yake nufi. Amma ruwa in ya yoyo, kafet ne zai jiƙe, kowa ya gani. Bututun hayaƙi in bai zauna daidai ba, ko ƙonewar gas ɗin ta karkace, abin da ke fita kabon monoksaid ne. Mutane sai su ce min, "Ai Injiniya in da matsala za mu ji wari." Warin da kuke ji na ɗanyen gas ne, shi ma da gangan ake zuba masa sinadari don a gane yoyo. Kabon monoksaid ba shi da wari, ba shi da launi. Yana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, a ce mura ce ta sanyi, a sha farasitamol a ƙara rufe taga. Alamar da ya kamata ta tsorata ka: kowa a gidan ba lafiya, amma in an fita sai a ji sauƙi. Jariri kuwa ba zai iya cewa kansa na ciwo ba, barci kawai zai yi ta yi. Mu da muka taso muna jin labarin iyalan da suka kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe lokacin hunturu, ko da janareta a zaure, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Iskar ɗaya ce. Mai rajista na'urar auna hayaƙi yake zurawa ya karanta lambobi kafin ya tafi. Tambayi ɗan'uwan ko yana da ita.

Kuma abin da ke ba ni haushi, kunya ce ke jefa mu. Ana jin nauyin a ce wa mutumin da ake sahu ɗaya da shi "nuna min katinka." Ka tambaya. Katin Gas Safe yana da hoto da lamba mai alƙaluma 7, bayansa kuma an jera irin aikin da aka yarje wa mutum. Wanda aka rubuta masa murhun girki kawai, ba shi da hurumin taɓa boila. Ka shiga shafinsu ka duba lambar, minti biyu ne.

Ga shawarata. Ka nemi farashi a rubuce daga masu rajista uku, kowa ya zo gidan ya gani. In har kana son sayen intanet, ka fara samun wanda ya yarda zai ɗaura kayan da ka kawo, don ba kowa ke yarda ba, shi ya rubuta maka samfuri da girma da bututun hayaƙin da ya dace. Ya cike takardar Benchmark, wato takardar bayanan ɗauri da gwajin boilar, a yi rajistar garanti cikin kwana 30, a riƙa sabis duk shekara. Ɗan'uwanka yana iya canza radiyeta ko gyara famfo, wannan fagensa ne. A saka ƙararrawar kabon monoksaid mai lambar EN 50291, wadda tun Oktoban 2022 ta zama dole a Ingila duk inda aka ɗaura sabuwar boila.

Kafin nan, ka sayi hitar lantarki mai mai a ciki ka ɗumama ɗaki ɗaya ku tattaru. Kada a buɗe obin ko a kunna murhu don jin ɗumi. In ka ji warin gas ko ƙararrawa ta yi kuka, ku buɗe tagogi ku fita, ka kira layin gaggawa na gas, 0800 111 999.