Tambaya da Amsa: Shin a Ƙure wa Firosesar Tabulet Gudu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗalibi ne a Sakkwato. Ina da tabulet mai Android wanda na saya shekara uku da suka wuce, RAM ɗinsa, wato wurin da yake riƙe manhajojin da ke aiki a lokacin, gigabait 2, ma'ajiyarsa gigabait 32, a jikin kwalinsa kuma an rubuta cewa firosesarsa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi masa lissafi, tana gudun gigahaz 2.0. Yanzu ya yi nauyi ƙwarai, idan na taɓa manhaja sai ta ɗau lokaci kafin ta buɗe. Wani abokina ya ba ni shawarar in kai wa mai gyara ya yi masa rutin, wato ya buɗe cikakken ikon taɓa tushen manhajarsa, sannan a ƙure gudun firosesar zuwa gigahaz 2.4, abin da suke kira obakulokin. A cikinsa nake karatu, kuma da shi nake tura kuɗi ta manhajar banki. Shin hakan zai yiwu, kuma babu illa?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin yana yiwuwa a kan wasu na'urori, amma ban ba ka shawarar ka yi shi a kan wannan tabulet ɗin ba, kuma zan bayyana maka dalilina dalla-dalla.

Gigahaz 2.0 da ka gani a kwali yana nufin firosesar tana bugawa sau biliyan 2 a cikin daƙiƙa guda, a kan wannan bugun ne take tsara duk lissafin da take yi. Ƙure mata gudu shi ne a tilasta mata ta wuce iyakar da kamfani ya yanka mata. Matsalar ita ce firosesa ba ta yarda ta ƙara sauri a banza, sai an ƙara mata ƙarfin wuta, kuma wutar da take ci ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun, tana zarce shi. Idan aka ɗaga gudu da kashi 20 cikin ɗari kamar yadda abokinka yake so, aka kuma ɗaga ƙarfin wutar da kashi 10 domin ta iya riƙe wannan gudun, cin wutarta zai haura da kusan kashi 45 cikin ɗari. Wannan ƙarin duka zafi yake komawa.

A nan ne tabulet ya sha bamban da kwamfutar tebur. Masu ƙure gudun kwamfutar tebur suna da fanka babba da ƙarfen da ke janye zafi, wasu ma har ruwa suke zagayawa da shi ta cikin bututu. Tabulet irin naka ba shi da fanka ko ɗaya, bayansa da gilashinsa ne kaɗai ke fitar da zafi. Saboda haka aka sanya masa ma'aunin zafi a ciki, da zarar firosesa ta ɗumama fiye da ƙima sai na'urar ta rage mata gudu da kanta don kada ta lalace. Abin da ke faruwa ke nan da wanda ya ƙure gudu: zai ji daɗin sauri na ɗan lokaci, sai tabulet ɗin ya yi zafi kamar an ajiye shi a rana, daga nan gudun ya sauko, wani lokaci ma ƙasa da yadda yake kafin a taɓa shi.

Ka kuma tuna inda kake zaune. Kamfanin Apple ya ce an tsara iPad ne don a yi aiki da shi a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran kamfanoni ma ba su yi nisa da wannan ba. A Sakkwato kuwa, a watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan haura digiri 40 da rana. Na'urarka ta riga tana fama tun ba ka ƙara mata kaya ba. Wanda ya fi shan wahala a wannan hali shi ne batir, domin yana kwance ne dab da firosesa, kuma babu abin da ke tsufar da batirin litiyom da wuri kamar zafi. Na taɓa riƙe wani tabulet a rumfar mai gyara wanda batirinsa ya kumbura har ya ɗaga gilashin daga gefe, ana iya zura farce a tsakani. Batir idan ya kai wannan matsayi ya zama haɗari, ba a ma barin sa a caji.

Kada ka ɗauka abokinka ya ƙirƙiro zancen ne. Akwai lokacin da wannan dabara ta yi tasiri sosai. A shekarar 2010 kamfanin Barnes & Noble na Amurka ya fitar da tabulet mai suna Nook Color mai gudun megahaz 800, wato gigahaz 0.8, masu sha'awar fasaha suka riƙa ɗaga shi zuwa gigahaz 1.1 ko fiye. A 2011 kuma kamfanin HP ya fitar da TouchPad, bai cika wata biyu a kasuwa ba aka daina yin sa, aka karyar da farashinsa zuwa dala 99. Firosesarsa ta Snapdragon an saita ta a gigahaz 1.2, alhali tana iya ɗaukar 1.5, don haka waɗanda suka ɗaga ta ba su yi mata dole ba, sun karɓi abin da kamfani ya rage ne kawai. Firosesar yau ba a bar mata irin wannan rarar sosai, ana matse ta kusa da iyakarta tun daga masana'anta.

Sannan akwai hanyar da za a bi kafin a kai ga gudun, wadda ita ce ta fi damuna game da kai. Rutin shi kaɗai bai wadatar ba. Sai an fara buɗe makullin da ke tsare tushen manhajar na'urar, wanda masu gyara ke kira butloda, kuma buɗe shi yana goge duk abin da ke cikin tabulet ɗin, littattafai da hotuna da komai. Bayan haka sai an sauya kanel, wato ginshiƙin manhajar da ke magana kai tsaye da firosesa, da wani wanda aka rubuta musamman don samfurin na'urarka. Idan babu wanda ya rubuta irinsa, kamar yadda lamarin yake ga yawancin tabulet masu araha, to manhajojin saita gudun firosesa irin su SetCPU ba za su iya wuce iyakar da ke cikin kanel na asali ba. Idan kuma mai gyara ya yi gangancin ɗora kanel na wani samfuri, tabulet ɗin yana iya ƙin kunnuwa. Wasu kamfanonin ma sun rufe ƙofar, Huawei ya daina bayar da lambar buɗe butloda tun 2018, a na'urorin Samsung kuwa ɗora kanel ko tushen manhajar da ba na kamfani ba yana ƙona wata alamar tsaro ta Knox wadda ba ta gyaruwa. Ga kuma maganar banki da ka ambata: manhajojin banki da yawa suna ƙin aiki idan suka gane an yi wa na'ura rutin, kuma suna da hujja, domin rutin yana sassauta katangar da ke hana wata manhaja leƙa bayanan wata.

Bisa bayanin da ka yi, ina kyautata zaton ciwon ba a firosesa yake ba. Jinkirin buɗe manhaja alama ce ta ƙarancin RAM da cikar ma'ajiya. Manhajojin yau sun fi na shekara uku da suka wuce nauyi, gigabait 2 ba ya ɗaukar su da yawa a lokaci guda, sai Android ya riƙa rufe wannan don ya buɗe waccan, firosesa kuma tana zaune tana jiran a kawo mata aiki. Ko nawa ka ƙara mata gudu, jiran nan ba zai ragu ba.

Ka fara da ma'ajiya. Ka kwashe bidiyo da saƙonnin murya da WhatsApp ya tara ka mayar da su katin memori, ka bar aƙalla gigabait 5 babu komai. Ka cire manhajojin da ba ka buɗe ba cikin wata guda, musamman waɗanda ke da'awar ƙara sauri ko sanyaya waya, domin su kansu RAM suke ci, talla kuma suke loda maka. Ka maye gurbin Facebook da Facebook Lite. Idan ka shiga saiti, wajen bayanin na'ura, ka taɓa layin da aka rubuta Build number sau bakwai, za a buɗe maka wani sashe na masu ƙera manhaja, a ciki ka rage ma'aunan motsin allo guda uku daga 1 zuwa 0.5, kada ka taɓa sauran abin da ba ka sani ba. Ka cire masa riga idan za ka daɗe kana aiki, kuma ka guji kallon bidiyo yana kan caji da tsakar rana. Idan duk wannan bai wadatar ba, ka adana littattafanka da hotunanka a wani wuri, ka mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, sannan ka saka manhajojin da kake buƙata kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, kana lura da wadda nauyin ke dawowa bayan shigarta.