Tambayi Nas: Likita na zo gani, sai aka haɗa ni da nas

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Shekarata 36, ina da yara uku. Kusan shekara guda ke nan yatsuna da wuyan hannuna suna kumbura, da safe kuma su sandare har in kasa sa maɓalli. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, irin wanda ake kira rumatoyid, ya ɗora ni kan maganin methotrexate. Abin da ya dame ni, tun daga nan duk ranar da aka ba ni sai a tura ni ɗakin nas, likita kuwa an ce sai bayan wata shida. Ga shi mako biyar ina shan maganin ban ga wani canji ba. Anya ba raina ciwon nawa aka yi ba? Ki gafarce ni, na san ke ma nas ce, amma me nas za ta yi mini a ciwon da aka ce ba ya warkewa?

Wata mai karatu

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya. Ba ki yi mini laifi ba ko kaɗan, gara da kika faɗi abin da ke ranki. Wadda take ganin an raina ta ita ce ke daina zuwa asibiti, kuma daina zuwan nan shi na fi ji miki tsoro.

Bari in fara da ciwon. Akwai ciwon gaɓɓai na tsufa, wanda guringuntsi ke gogewa saboda shekaru da aiki. Naki daban ne. Garkuwar jikinki ce ta juya tana faɗa da tantanin da ya lulluɓe gaɓa, shi ya sa ake samun kumburi da zafi da sandarewar safe da kan wuce rabin awa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke fama da shi, kuma kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Yana da 'yan'uwa: akwai mai kama ƙashin baya, wanda ya fi farawa da ƙuruciya, akwai kuma mai tafiya tare da ciwon fata na soriyasis. Gaskiya ne ba a kai ga maganin da zai raba mutum da shi ba. Amma ana kwantar da shi ƙwarai, har mutum ya koma harkokinsa, idan an fara da wuri kuma ana bibiya. To bibiyar nan ita ce aikin da aka tura ki wurin nas dominsa.

Kin ce mako biyar ba canji. Wannan bai ba ni mamaki ba. Methotrexate ba maganin kashe raɗaɗi ba ne, aikinsa ya lallashi garkuwar jiki a hankali, kuma yakan ɗauki mako shida zuwa sha biyu kafin a ji tasirinsa. A wannan tsakanin ne mutane da yawa ke karaya su ajiye shi, su koma kan diclofenac ko ibuprofen, tunda su ne ke sa a ji dama nan take. Raɗaɗin ya lafa, kumburin kuwa yana nan yana ci ta ƙarƙashi kamar wutar ƙaiƙayi. Gaɓar da ta riga ta cinye ta karkace, babu ƙwayar da za ta miƙar da ita. Ga shi yawan shan waɗannan magunguna na jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda.

Ni idan mai irin ciwonki ta zauna a gabana, tambayata ta farko ita ce, wace rana kike shan maganin? Ina so ta ambata mini rana ɗaya tak. Methotrexate sau ɗaya ake shan sa a mako. Na maimaita, sau ɗaya a mako. Wanda ya ɗauke shi kamar sauran ƙwayoyi ya riƙa sha kullum zai iya lalata ɓargonsa cikin 'yan kwanaki, kuma an sha rasa rai ta wannan hanya. Akan haɗa shi da folic acid, wanda aka fi so a sha a wata rana daban, don rage tashin zuciya da gyambon baki. Sannan akwai maganin ƙwayoyin cuta da ake kira Septrin, wanda bai kamata ya haɗu da shi ba sam. Duk inda za a rubuta miki magani, ko na ciwon haƙori ne, ki faɗa musu kina kan methotrexate.

Daga nan sai gwajin jini. Da farko akan yi shi kusa-kusa, kamar duk mako biyu zuwa wata guda, idan komai ya daidaita a koma duk wata uku. Ana duba ƙwayoyin jini da hanta da ƙoda. Hanta kan fara nuna gajiya a takarda tun ke ba ki ji komai a jiki ba, kuma yawanci nas ce ke fara ganin takardar, ta kai wa likita kafin abu ya yi nisa. Kada ki yi wasa da ranar ɗaukar jini don kin ji garau.

Akwai kuma dubawar da nake so ki lura ko ana yi miki. Nas ɗin da ta samu horo kan wannan ciwo za ta kama gaɓɓanki ɗaya bayan ɗaya tana matsawa a hankali: kafaɗu biyu, gwiwar hannu biyu, wuyan hannu biyu, gaɓɓan yatsun hannu ashirin, da gwiwoyin ƙafa biyu. Guda 28 ke nan. Za ta ƙirga masu zafi da masu kumburi, ta haɗa da sakamakon gwajin kumburi na jini da kuma yadda ke kanki kike jin jikinki, sai lissafin ya ba da maki, wanda ake kira DAS28. Ƙasa da 2.6 ciwo ya kwanta. Sama da 5.1 ya tashi sosai. Ƙa'idar da ake bi yanzu ita ce a ga sauƙi cikin wata uku, a kai ga inda ake so cikin wata shida, in ba haka ba a ƙara magani ko a canza. Da wannan maki likita zai yanke shawara ranar da kuka haɗu. Ki tambayi nawa ne naki, ki rubuta a littafi. Wani abu kuma, idon sawu da yatsun ƙafa ba sa cikin lissafin nan, alhali ciwon na son yatsun ƙafa. Idan tafiya na ba ki wuya ki cire takalmi ki nuna mata, kada ki jira sai ta tambaya.

Wannan tsari ba yau aka fara shi ba, kuma an gwada shi. A birnin Lids na Ingila an yi bincike tun a shekarun 1990 kan asibitin gaɓɓai da nas ke gudanarwa, aka ga marasa lafiyar ba su koma baya ba, sun ma fi fahimtar ciwonsu, sun fi gamsuwa da kulawar. Ƙungiyar masana ciwon gaɓɓai ta Turai, EULAR, ta fitar da shawarwari kan aikin nas a wannan fanni, ta sabunta su a 2018, inda ta ce ya kamata mai ciwon ya kasance yana da nas da zai iya samu a duk tsawon jinyarsa. Iyakar ikon nas ya danganta da ƙasa da kuma horonta. A Ingila akwai waɗanda doka ta ba su damar rubuta magani, a wasu wuraren kuwa sai likita ya sa hannu. Gano ciwo da sauya babban magani aikin likita ne, kuma nas ta gari ta san inda nata ya tsaya.

Abin da na fi so ki amfana da shi a ɗakin nan shi ne lokaci. Akwai maganganun da mace ba ta iya yi cikin 'yan mintunan ganin likita. Gajiya, alal misali. Masu wannan ciwo na fama da wata irin kasala da barci ba ya gusar da ita, mutanen gida kuma su ɗauka lalaci ne, tunda ba a ganin ta a ido. Wannan na ci mini rai matuƙa. Akwai damuwa da ƙuncin zuciya, akwai sha'anin aure idan jiki duk ciwo. Ki faɗa mata. Ki je da maigida ko wata 'yar'uwa ko sau ɗaya ne, su ji bayanin daga bakinta.

Sai maganar ciki, wadda ba zan tsallake ba ganin shekarunki. Methotrexate na jawo ɓari da nakasa ga jariri. Muddin kina shan sa dole ki kasance kan ingantacciyar hanyar tazarar haihuwa, kuma ba a shayarwa da shi. Idan kuna son ƙarin haihuwa, ku faɗa da wuri, a dakatar da shi kafin ɗaukar cikin a maye gurbinsa da wanda ba ya cutarwa. Akwai su, kuma mata masu wannan ciwo suna haihuwa lafiya.

Za ki ga tana auna hawan jini, tana neman gwajin suga da kitse. Dalili shi ne kumburin da ya daɗe a jiki yana ƙara haɗarin ciwon zuciya. Idan an haɗa miki da prednisolone, maganin kwantar da kumburi, na ɗan lokaci, ita za ta nuna miki yadda ake rage shi sannu-sannu, don ba a yanke shi farat ɗaya. Idan wata rana aka kai ga sabbin allurai masu ƙarfi, sai an fara duba tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, kuma ita za ta koya miki yi wa kanki allurar da ajiye ta a firji. Ita ce kuma za ta haɗa ki da masu gashin ƙashi, don gaɓar da aka bari ba motsi sandarewa take ƙara yi.

Ranar da za ki koma, ki tafi da duk magungunan da kike sha a cikin kwalayensu, har da waɗanda kika saya da kanki da na gargajiya. Ki rubuta minti nawa sandarewar safe ke ɗauka. Ki kuma tambaye ta lambar da za ki kira idan ciwo ya tashi tsakanin ranaku, domin wata shidan da aka ce miki ba ya nufin an rufe ƙofar likita. Idan makinki bai sauka ba, kina da haƙƙin cewa a matso da ranar, kuma nas ce za ta shigar da maganar.

Amma akwai alamomin da ba a jiran ranar asibiti a kansu. Zazzaɓi, gyambon baki mai yawa, ciwon maƙogwaro mai tsanani, busasshen tari da ƙarancin numfashi, idanu su yi rawaya, jini na fita ba dalili, ko gaɓa guda ta kumbura ta yi zafi jau har ki kasa motsa ta. Idan kin ga ɗaya daga cikinsu, kada ki sha methotrexate na wannan makon, ki tafi asibiti a ranar, ki faɗa musu sunan maganin tun a bakin ƙofa.